Ƙwaya Ɗaya, Magani Uku: Yadda Maganin Mura Ya Iso Ƙasar Gumel da Abin da Ya Zo da Shi

A hunturun da ya wuce na je gaishe da wani kawuna a ƙauyensu da ke tsakanin Sule Tankarkar da Gumel. Dillalin dabbobi ne da ya haura shekara 60, kuma tun ina yaro ban san wata Alhamis da ta riske shi a wani wuri in ba kasuwar Maigatari ba. Wannan karon na tarar da shi kwance a zaure, ya ƙudundune cikin bargo, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya ce kansa kamar ana sara da gatari, ƙirjinsa na lugude, kuma kwana biyu ke nan barci ya ƙaurace masa duk da kasalar da ta rufe shi.

Na tambaye shi abin da yake sha, ya miƙo mini wata baƙar leda. A ciki akwai ƙwayar mura da ya saya a kemis, da katin farasitamol, da wani garin magani mai rubutun Faransanci da wani abokin cinikinsa daga Damagaram ya ba shi. Na zauna na karanta bayansu ɗaya bayan ɗaya, na yi lissafi, sai na ga farasitamol ɗin da yake zuba wa cikinsa a rana ya haura giram 5, alhali iyakar babban mutum mai lafiya giram 4 ce.

Na ce, "Kawu, ai waɗannan ukun duk abu ɗaya ne a cikinsu."

Ya dube ni ya ce, "Haba ɗan nan, ka ga kalarsu ta zo ɗaya? Wannan na mura ne, wannan na ciwon kai, wannan kuwa na Faransa ne."

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin da ban gani a ledar ba. Kawu yana da hawan jini. Da mura ta kama shi sai ya ajiye maganinsa na kullum, wai kada magani ya yi wa jiki yawa, ya rungumi ƙwayar da ke ɗauke da sinadarin da ke ƙara hawan jinin. Muka kai shi asibiti, aka auna shi, aka raba shi da ledar, Allah ya taƙaita. Tun daga ranar nake bin diddigin tambaya guda: ta yaya ƙwayar da ke ɗauke da magani uku ta zama abin da ake saye kamar goro a ƙasar da ta fi kowa shaƙar ƙura?

Ƙasar da iska ke fara sallama

Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, tun asali fuskarta arewa da gabas take kallo. Mangawa ne suka kafa ta wajen 1750, ta yi mubaya'a ga Borno, jihadin ƙarni na 19 bai ci ta ba, kuma sai a 1845 aka dawo da fadarta garin Gumel daga Tumbi, wadda yanzu ke cikin Nijar. Ta wannan kusurwa fatake suka riƙa shigowa da kanwa da gishiri da raƙuma. Ta nan kuma iskar hunturu ke shigowa.

Kaso mai yawa na hazon da ke rufe mu daga Nuwamba zuwa Maris yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, wanda masana ke cewa babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi fitar da ƙura. A daidai wannan lokaci ake sussukar gero, ana kaɗe riɗi, ana gyaran zoɓo, dabbobi na tayar da turɓaya a kara. Hancin mutumin Gagarawa ko Maigatari yana aikin da na mutumin Legas bai san da shi ba.

Abin da muke tarawa mu kira "mura" kuwa abubuwa ne daban-daban. Akwai murar da ƙwayar bairos ke kawowa, mai zuwa da kasala da ɗan zazzaɓi, ta tafi da kanta cikin mako guda zuwa kwana goma. Akwai borin jini, wato alaji, inda jiki ke ɗaukar ƙura ko ƙaiƙayin hatsi a matsayin abokin gaba, ya saki wani sinadari mai suna histamin, sai atishawa da ƙaiƙayin ido da yoyon hanci, ba tare da zazzaɓi ba. Akwai kuma kumburin kogunan fuska, wato waɗancan ramukan iska da ke cikin ƙashin goshi da kumatu: idan fatar cikin hanci ta kumbura ta toshe ƙofofinsu, majina ta taru, sai mutum ya ji fuskarsa ta yi nauyi, musamman idan ya sunkuya.

Kakanninmu sun san haɗa magani tun kafin zuwan kemis. Citta da kanumfari da masoro a kunu, zuma da lemun tsami, sirace da tazargade, duk haɗi ne. Sai dai mai haɗawar ta san abin da ta zuba a tukunya, ta ga yawansa da idonta, idan ya yi yaji ta rage. Ƙwayar zamani ta zo da haɗin da ba a gani, cikin harshen da mafi yawan masu sha ba sa karantawa.

Yadda aka tara ukun a wuri guda

Kowane ɗaya daga cikin sinadaran nan da tarihinsa, kuma ba don juna aka ƙirƙiro su ba.

Mai buɗe hanci shi ne babbansu a shekaru. Mutanen Sin sun daɗe suna amfani da wani tsiro da suke kira ma huwang don tari da sarƙewar numfashi. A 1885 wani masanin Japan, Nagai Nagayoshi, ya tace sinadarin efedirin daga cikinsa, sannan a 1924 K. K. Chen da Carl Schmidt suka bayyana wa likitocin Turai da Amurka aikinsa daga wata kwalejin likitanci a birnin Bejin. Daga wannan dangi aka samu sudo'efedirin da fenilefirin. Aikinsu shi ne matse jijiyoyin jini na cikin hanci don kumburi ya sauka, iska ta wuce. Amma ƙwayar da aka haɗiya ba ta san hanci kaɗai aka aike ta ba. Tana matse jijiyoyin jiki gaba ɗaya, jini ya hau, zuciya ta ƙara gudu, barci ya gudu.

Na biyu shi ne mai daƙile histamin. A 1937 Daniel Bovet da Anne-Marie Staub suka gano na farko a Cibiyar Pasteur da ke Faris, aikin da ya taimaka wa Bovet samun kyautar Nobel a 1957. Zuwa ƙarshen shekarun 1940 an samu kulofeniramin, wanda mu muka fi sani da sunan Piriton. Waɗannan na farko suna ratsawa har ƙwaƙwalwa, shi ya sa suke sa gyangyaɗi, suna busar da baki, suna riƙe fitsari.

Na uku shi ne farasitamol, wanda aka fara sayarwa a Amurka da sunan Tylenol a 1955, a Birtaniya kuma da sunan Panadol a 1956. Ya karɓu saboda ba ya cin ciki kamar asfirin. Rauninsa yana hanta: idan ya wuce kima yana lalata ta a ɓoye, mutum na iya yin kwana ɗaya ko biyu bai ji wani abin a-zo-a-gani ba, sai ɓarna ta yi nisa ido ya yi rawaya.

Dabarar tara su a ƙwaya guda ta bunƙasa ne a kasuwar Amurka ta shekarun 1950 da 1960, zamanin da kafso irin su Contac suka mamaye tallan talabijin. Hikimar ta ciniki ce kafin ta zama ta likitanci. Mai mura ba ya son dogon bayani, yana son abu ɗaya da zai haɗiya ya koma aiki. Daga baya kamfanonin Indiya da Indonisiya da na cikin gida suka ɗauki tsarin suka sauƙaƙa farashinsa, har sunaye irin su Procold da Mixagrip suka zama kamar sunan cutar kanta a bakin mutanenmu.

A nan matsalar farko take. Mai borin jini ba ya zazzaɓi, ba ya ciwon jiki, don haka farasitamol ɗin da ke cikin ƙwayar ba shi da aikin yi a jikinsa sai wahalar da hanta. Mai ciwon kai kawai ba ya bukatar abin da zai matse masa jijiya. Sannan ma'aunin a ɗaure yake: idan ka ƙara ƙwaya don hanci bai buɗe ba, ka ƙara sauran biyun ke nan ko kana so ko ba ka so.

Daga tashar Gagarawa zuwa teburin Maigatari

Maganin Bature ya shigo ƙasar nan ta hanyar da gyaɗa ta fita. Turawa sun karɓi Gumel a 1903, layin dogo daga Kano ya bi ta Gagarawa ya isa Nguru a 1930, kantunan kamfanoni suka biyo shi da atamfa da sabulu da man zafi da ƙwayoyin ciwon kai. Da yake masu ilimin harhaɗa magunguna ba su taka kara sun karya ba a yawa, dokar zamanin mulkin mallaka ta buɗe wata ƙofa: a ba ɗan kasuwa lasisin sayar da ƙananan magunguna, bisa sharaɗin ya sayar da su a cikin kwalinsu na asali, kada ya duba mara lafiya, kada ya haɗa wa kowa magani. Wannan lasisi shi ne kakan kemis ɗin da muka sani. Yau Hukumar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Ƙasa, PCN, ke bayar da shi, kuma sharaɗin na nan a takarda.

Abin da ya mayar da mai kemis likitan unguwa shi ne tsukewar tattalin arziki ta shekarun 1980. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta faɗi, rumbunan asibitocin gwamnati suka bushe, aka saba jin "babu, a je a saya a waje". Wanda zai biya kuɗin mota daga ƙauye, ya bi layi, a ƙarshe a tura shi kemis, sai ya ga gara ya fara daga kemis ɗin. Daga nan aka samu al'adar "haɗa min na ɗari biyu": a ɓalle ƙwayoyi daga katinsu, fara da ja da rawaya, a ƙulle a leda, babu suna, babu ranar ƙarewar aiki. Haɗin kamfani ya haɗu da haɗin kanti. A cikin irin wannan ƙulli akan tarar da ƙwayar mura da farasitamol da Piriton a lokaci guda, wato an ninka biyu daga cikin ukun, wani lokaci har da kafson antibayotik guda biyu da ƙwayar dekzametason, wadda ake kira sha-ka-fashe.

Rijiyar da kemis-kemis na yankin suka daɗe suna ɗiba ita ce kasuwar magani ta Sabon Garin Kano, wadda ta shafe shekaru tana ciyar da arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Sai a Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya, NAFDAC da PCN suka rufe shaguna fiye da dubu a can don tilasta wa dillalai komawa cibiyar da aka gina a Dangwauro, inda za a iya sa ido kan ajiya da ingancin kaya.

Maigatari ta ƙara wa lamarin wani salo nata. Muhimmancinta ya sa tana cikin iyakoki huɗu na farko da aka buɗe a Disambar 2020 bayan rufewar 2019. A hayin iyaka, karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ya tsauwala farashin magani a Nijar, masu tallan magani a faranti da kan keke suka yawaita, akasarin kayansu kuma daga Najeriya. Ta ɗaya ɓangaren, magungunan tsarin Faransa na gangarowa a aljihun fatake da 'yan uwa daga Dungas da Magarya da Damagaram. Sakamakon shi ne sinadari guda yana yawo da sunaye cikin harsuna biyu. Panadol da Doliprane da Efferalgan duk farasitamol ne. Garin Fervex na manya yana ɗauke da farasitamol da mai daƙile histamin. Ɗan uwan da ya aiko da magani daga Amurka kuma, nasa kwalin zai ce acetaminophen, shi ma farasitamol ne. Ledar kawuna ƙaramin hoton wannan kasuwa ce.

Darussan da aka saya da tsada

Dokokin da ke kan waɗannan magunguna a yau, kusan kowacce sai da aka yi asara kafin a rubuta ta.

A 1990 yara 109 suka rasu a Jos da Ibadan bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, wani sinadarin masana'antu mai zaƙi da ke kashe ƙoda. Wannan musiba na cikin dalilan kafa NAFDAC a 1993. A ƙarshen 2008 abin ya maimaita kansa da maganin haƙorin jarirai mai suna My Pikin, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin yaran, kuma gwamnati ta ƙirga 84 da suka rasu. A Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan magungunan tari da mura na ruwa guda huɗu da aka shigo da su Gambiya daga Indiya, inda yara kusan 70 suka rasu. Abin takaicin shi ne yawancin murar yara kan warke ba tare da irin waɗannan ruwaye ba. Tun 2008 hukumar magunguna ta Amurka ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara 2 maganin mura da tari na kanti, a 2009 kuma Birtaniya ta kai iyakar zuwa shekara 6, saboda babu hujjar suna amfanar ƙananan yara, illarsu kuwa tabbatacciya ce.

Manya ma ba su tsira ba. Shekaru da dama ɗaya daga cikin masu buɗe hancin da suka fi yawa a ƙwayoyin mura shi ne wanda ake taƙaita sunansa da PPA, har sai da binciken Jami'ar Yale ya danganta shi da fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, Amurka ta nemi a janye shi a Nuwamban 2000, ƙasashe da dama suka bi sahu. Kamfanoni suka sauya sinadarin suka bar sunan kwalin yadda yake, wanda ke nuna cewa sanin sunan magani bai isa ba, domin abin da ke ciki na iya canjawa. Tarfenadin, maganin borin jini da aka yi ta yabo a shekarun 1980 don ba ya sa barci, an janye shi a Amurka a ƙarshen shekarun 1990 da aka ga yana rikita bugun zuciya idan ya haɗu da wasu magunguna irin su eritiromaisin.

Sudo'efedirin ya shiga tasa ƙaddarar. A 2006 Amurka ta mayar da shi bayan kanta saboda ana dafa muguwar ƙwayar metamfetamin da shi. A ƙarshen 2023 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ce kada mai hawan jini mai tsanani ko wanda bai daidaita ba, da mai ciwon ƙoda mai tsanani, su sha shi. Daga Disambar 2024 ba a sayar da ƙwayoyin murar da ke ɗauke da shi a Faransa sai da takardar likita. Shi kuwa fenilefirin da aka maye gurbinsa da shi, a Satumbar 2023 kwamitin masana na hukumar Amurka ya yi ittifaƙin cewa wanda ake haɗiya ba ya buɗe hanci a ma'aunin da ake sayarwa.

Darasin da ya fi kusa da gida shi ne na kodin. A 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan 3 na maganin tari mai kodin kullum a jihohin Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 sashen binciken BBC na Afirka ya fitar da rahotonsa na bidiyo kan lamarin, ranar 1 ga Mayu kuma ministan lafiya Isaac Adewole ya sanar da haramta shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne da yawan waɗannan kwalabe su ma haɗi ne, kodin tare da mai daƙile histamin, kowannensu na kwantar da ƙwaƙwalwa. Matasa da matan aure da dama ta ƙofar tari da mura suka shiga, kwalbar farko da niyyar magani aka saye ta.

Abin da mai mura zai ɗauka daga wannan tarihi

Ba a ce ƙwayar haɗi guba ce ba. Ga babban mutum mai lafiya da mura ta haɗa masa ciwon jiki da toshewar hanci da yoyo, shan ta na kwana biyu ko uku bisa ma'aunin kwali ba laifi. Haɗarin yana cikin jahiltar abin da ke ciki.

Saboda haka a juya kwali a karanta ƙananan rubutun. Kalmomin da za a nema kamar yadda ake buga su su ne paracetamol, sai pseudoephedrine ko phenylephrine, sai chlorpheniramine ko wani ɗan uwansa kamar diphenhydramine da triprolidine. Idan suna ɗaya ya fito a kwali biyu, a ajiye ɗaya. Farasitamol daga kowace kafa ya fito kada ya wuce giram 4 cikin awa 24, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500, da tazarar aƙalla awa 4 tsakanin sha da sha. Mai ciwon hanta, wadda ba baƙuwa ba ce a yankinmu, da mai ƙaramin jiki, nasu ma'aunin bai kai haka ba, sai su tambayi likita. Mai azumi kuma kada ya matse na yini guda tsakanin buɗa-baki da sahur.

Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki, su nisanci mai buɗe hanci na haɗiya, kuma kada su ajiye maganinsu na kullum don mura. Mai ciwon suga da mai ciki su nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna. Mai shayarwa ta sani cewa sudo'efedirin na rage ruwan nono. Dattijon da fitsari ke yi wa gardama, da mai hawan jinin ido, tsofaffin masu daƙile histamin na iya tsananta musu. Direban da zai ɗauko shanu daga Maigatari ya kwana a hanyar kudu, da ɗan acaɓa, da mai aiki da injin niƙa, su san cewa ƙwayar da ta busar musu da hanci tana rage musu kaifin ido da saurin hannu ko da ba su ji barci ba.

Wanda matsalarsa ƙura ce, mai atishawa da ƙaiƙayi duk hunturu, ya fi dacewa da magani guda na zamani kamar loratadin ko setirizin, waɗanda ba su cika sa barci ba, ko feshin hanci da likita zai rubuta, tare da takunkumi ko rawani a ranar hazo da wajen sussuka. Wanke hanci da ruwan gishiri, wanda aka tafasa ya huce, yana taimakawa kuma ba ya taɓa hanta ko zuciya. Ɗigon hanci mai buɗewa nan take, irin su Otrivin, kada ya wuce 'yan kwanakin da aka rubuta a kwali, domin idan aka daɗe a kansa hanci kan dawo ya toshe fiye da da, mutum ya zama ba ya numfashi sai da shi. Yaro ƙasa da shekara 6 kuwa, ruwa da ɗumi da ɗigon ruwan gishiri, da zuma idan ya haura shekara 1, da farasitamol shi kaɗai gwargwadon nauyinsa idan akwai zazzaɓi.

Akwai kuma lokacin da za a bar kemis a nufi asibiti. Yawancin kumburin kogunan fuska bairos ne, antibayotik ba ya masa komai, amma idan ya wuce kwana 10, ko ya lafa ya dawo da ƙarfi, a je a duba. Kumburi a gefen ido, ko gani biyu-biyu, ko ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, ba sa jiran gobe. Zazzaɓi da sandarewar wuya a watannin rani sanƙarau ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma mu muna tsakiyar yankinsa. Zazzaɓin da farasitamol ke dannewa yana dawowa na bukatar gwajin maleriya. Tarin da ya kai mako biyu na bukatar gwajin tarin fuka. Babbar illar ƙwaya mai magani uku a irin wannan hali ita ce ta iya rufe alamu har a makara.

Aikin da ya rage mana

Rufe kasuwa da kama jabu aikin hukuma ne, kuma mai kemis na ƙauye ba zai gushe ba muddin shi ne ke buɗe da ƙarfe goman dare. Abin da ke hannun masu karanta wannan wasiƙa ya fi haka sauƙi. Mu ne ake kira daga gida a ce Baba ba ya jin daɗi, mu ne ke tura kuɗin magani ta waya, kuma sau da yawa mu ne kaɗai a dangi da za su iya karanta bayan kwali. Kafin a tura kuɗin, a ce a ɗauko hoton duk abin da yake sha, gaba da baya. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. A ce kada a karɓi ƙullin leda mara suna.

Da na koma ƙauyen bayan sallah na tarar kawu ya sa an zana masa jan layi a kan katin maganin hawan jininsa, alamar wanda ba a ajiyewa ko da me ya zo. Ya ce mini yanzu idan ya je kemis yakan fara da cewa, "Ina da hawan jini, me ke cikin wannan?" Yaron kantin, in ji shi, da farko ya yi ta dariya, amma yanzu da kansa yake juya kwalin ya karanta masa.